Kaye maki biyu ne kawai: shirin gasar jiu-jitsu daga Katsina

A kokawar da muka sani, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, sai kiɗa da kirari. A jiu-jitsu na Brazil kuwa kaye maki 2 ne kacal, su ma ba za a ba ka ba sai ka danne abokin karawarka na daƙiƙa 3 bayan ya faɗi. Daga nan wasan yake farawa. Saurayin da ya fito daga Katsina ko Daura da ƙarfin ƙugu da iya tsayuwa yana da jari babba, amma jarin nan kan cuce shi idan bai zauna ya koyi dokar da za a yi masa hukunci da ita ba. 'Yan wasa da yawa a gasarsu ta farko ba gwaninta ke kayar da su ba. Sikeli ne, ko awon riga, ko numfashin da ya ƙare a minti na biyu, ko wata doka da ba su taɓa ji ba.

Kafin komai, ka san dokar wa za a bi. Wasan ya samo asali ne daga Mitsuyo Maeda, ɗan Japan da ya isa Brazil a 1914, iyalan Gracie suka ɗauka suka faɗaɗa shi, kuma hukumar jiu-jitsu ta duniya, IBJJF, da Carlos Gracie Jr. ya kafa ita ce yawancin masu shirya gasa suke kwaikwayon littafinta. Akwai kuma AJP ta Abu Dhabi, wadda rukunan nauyinta da lissafin makinta suka ɗan bambanta, da ADCC da ake yi ba riga. Ka tambayi masu shiryawa tun ranar rajista, kada ka ɗauka. Abin da zai biyo baya a kan dokar IBJJF ne, ta masu riga, wato kayan wasan da ake kira gi.

Lissafin ba shi da wuya. Kaye 2. Idan kana ƙasa ka kifar da na sama daga gad, wato yanayin da ƙafafunka suke tsakaninka da shi, 2. Gwiwa a kan ciki 2. Ƙetare ƙafafunsa ka danne shi ta gefe 3. Hawa kan cikinsa 4. Kama bayansa da dugaduganka biyu a maƙale cikin cinyoyinsa 4. Kowanne sai an riƙe daƙiƙa 3. Idan ka kusa samu amma ba ka riƙe ba, sai a rubuta maka fifiko, wanda ba ya aiki sai maki sun yi kunnen doki. In fifiko ma ya zo ɗaya, a duba wa ya fi yawan laifi, in nan ma ɗaya ne alƙalin wasa ya zaɓa. Laifin farko gargaɗi ne, na biyu a ba abokin karawarka fifiko, na uku a ba shi maki 2, na huɗu a kore ka. Sai kuma abin da ke shafe duk lissafin nan: shaƙa ko murɗe gaɓa har mutum ya sallama.

Ka lura da abu ɗaya da sababbi ke yawan mantawa. Danne mutum ta gefe ba ya da maki a karan kansa, ƙetarewar ce ake biya. Wanda ya yi kaye ya sauka kai tsaye a gefe yana da 2 ne, ba 5 ba. Kuma in ya kwanta a nan ya yi lamo yana jiran lokaci, bayan daƙiƙa 20 alƙali zai ce "Lute", a rubuta masa laifin ƙin wasa. Da Fotugis ake ba da umarni ko'ina: "Combate" a fara, "Parou" a tsaya.

Tsawon wasa ya danganta da launin ɗamara, wanda ke nuna matakin ɗan wasa. Mai farar ɗamara, wato sabon shiga, babba, minti 5 yake yi. Shuɗiya 6, shunayya 7, mai ruwan ƙasa 8, baƙa 10.

Dokokin kora su ne ɗan kokawa zai fi haddacewa, don jikinsa ya riga ya saba da akasinsu. Idan mutum ya naɗe ka da ƙafafu ka miƙe da shi, ba ka da izinin maka shi da ƙasa. Ka yi haka, wasa ya ƙare nan take, ko kana gaba da maki goma. Jefa mutum ta yadda zai sauka a kan kai ko wuya, kora. Lanƙwasa yatsu baya, kora. Ficewa daga fili da gangan don tsere wa shaƙa ko murɗa, kora. Mai farar ɗamara ba ya tsalle ya naɗe wanda ke tsaye, ba ya murɗe wuyan hannu, kuma a ƙafa abu ɗaya aka yarje masa, miƙe idon sawu kai tsaye ba tare da juya gwiwa ba. Cusa yatsu cikin bakin hannun riga ko ƙafar wando laifi ne, a waje ake kamawa. Yi wa alƙali magana ma laifi ne, in ba rauni ko matsalar riga za ka faɗa ba. Wanda ya yi ƙara saboda zafi yayin da ake murɗa shi, an ɗauka ya sallama. Wanda ya ce jijiyarsa ta ɗaure, ko ya yi amai a fili, ya faɗi. Waɗannan biyun na ƙarshe suna da alaƙa da ruwa da abinci, za mu zo kansu.

Sikeli

Nan ne ake asarar kuɗin mota da na rajista ba tare da an taɓa kowa ba. A dokar IBJJF ana auna ka sanye da riga da wando da ɗamara, 'yan mintoci kafin wasanka na farko, kuma sau ɗaya. Ka haura da giram 100, ka koma gida. Rukunan maza manya su ne kilo 57.5, 64, 70, 76, 82.3, 88.3, 94.3, 100.5, sai na sama da haka. Na mata 48.5, 53.5, 58.5, 64, 69, 74, 79.3 da sama. Na AJP ga maza 56, 62, 69, 77, 85, 94 da 120 ne, shi ya sa aka ce ka tambaya tun farko.

Kayan wasan kansu sukan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, in sun jiƙe da zufa su ƙaru. Saboda haka mai son shiga rukunin 70 ya kamata ya riƙa tashi da safe yana 67.5 ko 68 ba kaya, don ya samu damar karyawa da shan ruwa ranar gasa. Ka auna kanka da safe bayan ka zaga, sau uku a mako, a sikeli ɗaya da aka ajiye a kan siminti. Sikelin da ke bakin kasuwa ko a kemis kan bambanta da juna da kilo guda, don haka ka gwada naka da wani abu da ka san nauyinsa, kamar jarka mai lita 10 cike da ruwa, wadda za ta ba ka kilo 10 da ɗan nauyin robar.

Rabin kilo a mako shi ne ragin da ba ya cin ƙarfi. A mako takwas kilo huɗu ke nan. In abin da ke tsakaninka da rukunin ya fi haka, hau na gaba kawai. A gasar farko ma shawararmu kada ka rage komai. Ragin ba ya buƙatar wani abincin waje: a rage man da ake kwarara wa ɗanwake da shinkafa da wake, a rage sukarin shayi da na fura, a bar lemon kwalba, a rage malmalar tuwon dare, a ƙara ƙwai, wake, kifi, nono da zogale. Kwana uku kafin awo a bar kilishi da tsire da yaji mai yawan gishiri da magi, don gishiri na riƙe ruwa a jiki.

Abin da ba a yi shi ne matse ruwan jiki, irin na 'yan damben zamani da ake aunawa kwana guda kafin faɗa. Su suna da dare guda su mayar. Kai daga sikeli fili za ka wuce. Wanda ya sa leda ya yi gudu cikin ranar Afrilu, ya ƙi shan ruwa, zai hau sikeli lafiya, sannan a minti na biyu yatsunsa su ƙi rufuwa, tsokar ƙafarsa ta ɗaure.

Mako takwas

Makonni huɗu na farko na zaɓe ne. Ka zauna da kocinka ku fitar da hanya ɗaya: kaye guda da ka yarda da shi da wani na biyu in na farko ya ƙi, hanyar ƙetare ƙafafu biyu, kifarwa biyu daga ƙasa, gamawa biyu, wato shaƙa ko murɗa, ɗaya daga sama ɗaya daga baya. Sai hanyoyin kuɓuta uku da ba makawa: daga dannewar gefe, daga hawan ciki, daga kamun baya. Shi ke nan. Duk abin da ka gani a YouTube a wannan tsakanin ka ajiye shi sai bayan gasa. Kowace dabara a maimaita ta sau 20 zuwa 30 a zama, farko abokin atisaye ya saki jiki, sannan ya riƙa ƙara turjiya kaɗan-kaɗan. Ga ɗan kokawa, rabin lokacin nan a kwance ya kamata ya yi shi, bayansa a ƙasa, duk da ransa ba ya so. Dalili kuwa, abokin karawa mai wayo ba zai tsaya kokawa da kai ba. Zai kama kwalarka ya zauna ya ja ka cikin gad, kayen da ka dogara da shi ya tashi a banza. Kuma ranar da aka kifar da kai, al'adar juya baya don miƙewa ita ce ke miƙa wa mutum maki 4 da wuyanka.

Daga mako na biyar zuwa na bakwai ake shan wuya. Sau biyu a mako, ba fiye ba, a yi ranar gasa: zagaye biyar ko shida, kowanne minti 5, daga tsaye ake farawa, hutun minti 5 tsakani a farko, a rage zuwa 2 a hankali. Kai kana ciki, abokan suna canzawa, kowane ya shigo da sabon ƙarfi. A samu mutum guda riƙe da waya yana duba lokaci yana faɗin maki da ƙarfi, yana ƙirga daƙiƙa ukun nan. Ba tare da wannan ba mutum kan saba da tsallakawa daga matsayi zuwa matsayi bai riƙe ba, ranar gasa ya ɗaga kai ya ga allo babu komai. A ware minti goma na ƙarshe don yanayi na musamman: ana binka da maki 2, saura minti ɗaya, kana ƙasa. Ko kana gaba da fifiko ɗaya, saura daƙiƙa 40, dole ka motsa kada a ba ka laifi. In wurin da faɗi, a shata murabba'i na mita 6 da tef, wanda shi ne mafi ƙanƙantar filin karawa, don ka saba da jin inda gefe yake.

Sauran ranakun a yi su da sauƙi. Kwana ɗaya a mako hutu cikakke.

Abin da ke fara mutuwa a gasar riga shi ne damtse da yatsu. Ka rataya tsohuwar riga ko tawul a ƙarfe ko reshen darbejiya mai ƙwari, ka kama ka yi lilo daƙiƙa 30 zuwa 45, sau huɗu, sau biyu a mako. Amma maganin gaskiya shi ne koyon saki. Sabon ɗan wasa kan damƙe kwala da dukkan ƙarfinsa tun "Combate", ko babu abin da zai yi da kamun. Kamu na aiki ne: ka kama, ka yi abin da ka kama dominsa, in ya ƙi ka saki ka sake. Don numfashi, gudun mita 400 sau shida da hutun minti ɗaya da rabi ya fi zagaye gari a hankali na awa guda, ko da yake dogon gudu sau ɗaya a mako ba ya ɓaci. Wanda ke kusa da filin wasa na Muhammadu Dikko ko wani filin makaranta ya auna nisan sau ɗaya ya riƙe.

Yanayin garinmu na da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma rigar gi auduga ce mai kauri. A yi atisaye bayan asuba ko bayan isha'i. Ka auna kanka kafin atisaye da bayansa: kowane kilo da ya tafi lita ɗaya ce ta ruwa, ka mayar da lita ɗaya da rabi a sa'o'in da ke biye. In zufar ta yi yawa, haɗin ruwan gishiri da sukari ya wadatar, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari ya yi duhu, ba ka sha isasshe ba. Da hunturu kuma matsalar tsagewar fata ce da haɓo. Jini a gasa ana ba likita dama sau biyu ya tsayar da shi, in ya sake ɓallewa an ba abokin karawarka nasara. Ka riƙa shafa ɗan basilin cikin hanci da dugadugai da dare a makonnin shiri, amma ranar gasa kada ka shafa mai a jiki, don duk abin da ke sa santsi haramun ne a fili. In shirin ya faɗo cikin azumi, zagaye masu nauyi su koma bayan asham, kamar awa biyu da buɗa baki, a bar maimaita dabaru marasa nauyi kafin magariba.

Tabarmar atisaye a goge ta kullum da ruwan bilic, a wanke riga bayan kowane zama, a yi wanka da sabulu nan da nan. Makero da maruru suna yawo daga fata zuwa fata, kuma mai duba 'yan wasa na iya tura ka wurin likita ya hana ka shiga saboda tabo ɗaya a wuya. Wanda ya ga zagayen makero ya daina haɗa jiki da kowa ya nemi magani tun saura makonni. Zazzaɓi ma haka, ba a atisaye da shi, a je a yi gwaji. Sai maganar ƙwaya, wadda gara a faɗe ta a fili: tramadol na cikin abubuwan da hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta lokacin gasa tun Janairun 2024, kuma ko ba gwaji, abin da ke kashe jin zafi na sa mutum ya makara wajen sallamawa har gwiwar hannu ta goce.

Zagaye mai tsanani na ƙarshe ya kasance saura kwana bakwai ko takwas. A makon ƙarshe a rage yawan aiki da rabi, a riƙe saurin, a yi barci. Ƙarfin da ba ka tara a mako bakwai ba, ba za ka same shi a kwana biyar ba, rauni kawai za ka samu.

Riga da jaka

Fara, shuɗiya ko baƙa, riga da wando launi ɗaya. Hannun riga ya kai dab da wuyan hannu idan ka miƙa hannuwa gaba, wando ya kai dab da idon sawu, kuma faɗin hannun ya bar sarari na santimita 7, akwai ma'aunin da ake zurawa a gani. Auduga na tsukewa, musamman in an wanke da ruwan zafi an shanya a ranar Katsina. Rigar da ta yi daidai ranar saye kan gaza bayan wanki goma, don haka a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a sake aunawa saura mako biyu. In ta yage a kai wa tela tun da wuri, kuma in da hali a tafi da biyu. Maza ba sa sa komai a ƙarƙashin rigar sai ɗan kamfai a cikin wando. Mata suna sa riga mai kama jiki a ciki, kuma an yarda su rufe kai da hula ko hijabi mai roba wanda ba fil ba igiya. A yanke farce na hannu da ƙafa. Zoben azurfa, agogo, laya, kambu, guru, duk a cire a bar su a jaka.

A jakar a sa katin shaida mai hoto, robar kare haƙori da aka riga aka saba da ita, tef na yatsu, silifa don ba a taka ƙasa ba takalmi a dawo tabarma, ruwa, dabino, ayaba, da ɗan zuma.

In gasar a Abuja ce ko Legas, a isa aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, biyu in ta mota ce zuwa Legas. Dogon zama na kumbura ƙafa ya riƙe ruwa, sikeli zai nuna. Iskar Legas kuma da laima, zufa ba ta bushewa kamar a nan, rigar da aka wanke da dare ba lallai ta bushe da safe ba. A ci abin da ciki ya sani, shinkafa ko burodi da ƙwai da shayi, awa uku kafin lokacin da aka sa maka. Ba ranar gwada miyar da ba ka taɓa ci ba ce.

Jadawali kan motsa gaba ko baya, saboda haka ka kasance a zauren awa ɗaya da rabi kafin lokaci, ka gwada sikelin gwaji in akwai, ka kasa kunne ga sunanka, don wanda aka yi ta kira bai zo ba ana cire shi. Saura minti 25 ka ɗumama jiki har zufa ta fito sosai, da zagaye biyu na minti ɗaya masu ƙarfi da abokin tafiyarka, har numfashi ya ɗaga ya dawo. Masu tsoron gajiya kan tsallake wannan, sai bugun zuciyar farko ya same su a cikin fili, hannuwa su yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo. Kocinka ya tsaya inda za ka ji shi, ku yarda tun a gida cewa abu uku kawai zai riƙa faɗa: lokaci, maki, da mataki na gaba.

In ka ci wasan farko, dokar ta ba ka hutu aƙalla daidai tsawon wasa, ninki biyu kafin na ƙarshe. Kada ka kwanta. Ka sassauta ɗamara, ka yi tafiya a hankali, ka ɗaga hannuwa sama kana karkaɗa su, wani ya matsa maka damtse daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ruwa kurɓi-kurɓi, dabino biyu ko uku, ba fiye ba. In wanda za ka haɗu da shi yana fili a lokacin, ka duba abu biyu: da wane hannu yake fara kamu, kuma tsayawa yake yi ko zama.